Haƙƙin Malami da Ɗalibi a Kan Sitiyari



Tun da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja, a watan Yunin 2022, matasanmu da dama a Agege suka karkata ga koyon tuƙin mota. Madalla. Sai dai koyo yana da ƙa'ida.

Malam direba, amana ce a hannunka. Kada ka tura ɗalibi cunkoson Pen Cinema bai san birki da kuloci ba. Ka liƙa wa motar alamar L ta masu koyo, ka zauna gefensa, ka daina zagi, domin tsawa rikita sabon hannu take yi. Ka nuna masa cewa bin hanyar bas ta BRT ko tuƙi a hannun motoci masu tahowa laifi ne da hukumar kula da zirga-zirga ta LASTMA ke kama mota a kansa.

Kai kuma ɗan'uwa mai koyo, sai ka cika shekara 18, ka shiga makarantar da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta amince da ita. Ka zo kan lokaci, ka ajiye waya, ka ɗaura bel. Kada ka sayi lasisi ta bayan fage. Mai sayen lasisi rayukan mutane yake wasa da su.

Allah Ya tsare mu.