In raunin aiki ya ƙaru, a koma wurin Kes

Jawabin yau na ƴan'uwa ne masu aikin albashi a Yamai: magina, direbobi, leburori.

Tun 1965 ƙasar Nijar take da asusun ma'aikata, CNSS, wanda mutane suke ce ma Kes. In ma'aikaci ya ji rauni wurin aiki, dole mai gidan aikin ya sanar cikin awa 48. Kes ce take biyan magani. Tana ba mai rauni rabin albashinsa har kwana 28. Daga kwana na 29 sai ta ba shi kashi 2 cikin 3.

In ciwo ya warke amma ya bar naƙasa, likita ne yake auna ta, ya rubuta lamba. Wannan lamba ita ce abincin gida. Ga misali: magini mai albashin jika 60 a wata ya faɗo daga bisa gini. Likita ya rubuta kashi 20 cikin 100. Kes tana raba lambar biyu, ya samu kamar jika 6 a wata. Da 40 aka rubuta, da jika 12 ne. Kun ga bambancin ba kaɗan ba ne.

To, lambar nan ba ta zauna ke nan har abada ba. Hannun da ke ɗaukar bulo bara, bana yana iya kasawa. In haka ta faru, mai rauni yana da ikon neman a sake duba shi, a ƙara mashi kuɗi. Amma a sani: in sauƙi aka gani, ana iya ragewa.

Wanda bai yarda da hukuncin Kes ba, kada ya tsaya gunaguni a gida. Ya rubuta ma Kes takardar koke. In bai gamsu ba, ya kai ƙara kotun ma'aikata ta Yamai. Shari'ar wannan kotu kyauta ce. Sama da ita kuma akwai kotun ɗaukaka ƙara.

Koke yana da wa'adi. Ranar da takardar Kes ta iso, a karanta ta, a duba kwanan wata, a tambayi sufeton aiki kwana nawa suka rage. Takardun likita kuwa a adana su cikin akwati, inda gara da ruwa ba su kai.