Kwana Ɗaya a Kan Cabbal Mbabo: Jawabin Wakilan Reshenmu

 

Kun wakilta mu, mu bakwai, mu hau Cabbal Mbabo da ƙafa mu dubo halin da wuraren kiwonmu ke ciki. Mun je a makon ƙarshe na watan Nuwamba, mun kwana ɗaya a sama, Allah ya sauko da mu lafiya. Ga bayanin abin da muka gano.

Saboda baƙinmu na nesa, dutsen nan yana arewa da Banyo, cikin lardin Adamawa na Kamaru, kusa da iyakar Nijeriya. Ƙololuwarsa ta haura mita 2,400. Abin da ya ja kakanninmu can ba ɓoyayye ba ne: iska mai sanyi, ruwa a kowane kwari, ga shi ƙudan tsando ba ya zama a wannan tsawo. Dattawan da suka ga yadda sammore ya cinye garke-garke a Adamawa, kafin gwamnati ta fara feshi da jirgi a 1976, sun san darajar wurin da tsando ba ya hawa.

Mota ta sauke mu bayan Sambolabo, inda hanya ta ƙare mata. Daga nan kowa ya ɗauki kayansa a baya: bargo biyu, tabarma, buta, tocila, ashana, garin rogo, ƙuli-ƙuli da ganyen shayi. Mun fara hawa bayan sallar asuba. Ba za mu cika ku da labarin gwiwa da numfashi ba, kun fi mu sani. Sai dai matasa biyu da suka zo da takalmin birni sun ƙare da ɗaura shi a wuya.

Abin da ya kamata ku ji shi ne wannan. Tun daga hantsi har la'asar, garke uku kaɗai muka gamu da su, su ma gangarowa suke yi. Ciyawa ta bushe, ta yi ja. Jama'a sun sauka kwari cin rani, kamar yadda suke yi kowace shekara, ba su komowa sai ruwan farko ya zuba. Mun wuce mashekari bayan mashekari, ba hayaƙi, ba kukan maraƙi. To, baƙon da ya zo daga Yawunde ko daga Turai, wane lokaci yake hawa? Wannan lokacin ne, domin shi ne lokacin da hanya ta bushe, rafuka suka janye. Da damina, sa'ad da tudun ke cike da jajayen shanu da farare, laka da hazo ba sa barin kowa ya hau sai mai saniya. Saboda haka mai bincike yakan iske dutsen ranar da masu shi ba sa nan, ya koma ya rubuta cewa daji ne wanda ba kowa.

Wannan rubutu yana da nauyi a shari'a. Dokar ƙasa ta 1974 ta raba filin da ba shi da takardar mallaka gida biyu. Kashi na farko shi ne wanda mutane ke zaune a kai ko suke mora, kuma dokar ta ambaci wurin kiwo a ciki, amma da sharaɗin a ga alamar hannun mutum a fili. Kashi na biyu shi ne wanda aka ce ba mai amfani da shi, wanda gwamnati ke iya ba wani. Manomi yana da kunya da rumbu da itacen da ya dasa. Mu mece ce alamarmu?

Ita muka kwana nema. Magariba ta riske mu a wani tsohon mashekari, muka share bukka ɗaya muka hura wuta. Sanyin wurin ba irin na gari ba ne. Tun kafin isha'i ruwan buta ya fi ƙarfin hannu sai an ɗumama, iska kuwa ta kwana tana shigowa ta kowace kafa, bargo biyu suka zama kamar mayafi. Da barci ya ƙi, sai wani dattijo da ya yi mana jagora ya shiga lissafa mana wuraren da muka ratsa: wannan mashaya ta zuriyar wane ce, wancan burtali ina ya faɗa, a wane kwari aka rasa shanu shekarar bushiya ta 1983. Muka riƙa rubutawa da hasken tocila har batir ya mutu. Da gari ya waye ya zaga da mu cikin raɓa, ya nuna mana turaku, da inda ake ɗaure dangwali, da tudun taki wanda ciyawarsa ta bambanta da ta kewaye, da kaburbura biyar da aka jera wa duwatsu. Duk alamu ne, amma sai wanda ya san su ke ganinsu, kuma ko ɗaya ba ya cikin takarda.

A gangaren arewa akwai kurmi mai duhu, kuma mun ga itatuwa a bakinsa an ɓare musu ɓawo. Wannan ɓawo Turai ake kai shi, a yi maganin ciwon fitsari na dattawa, kuma ɓarnar ta taɓa yin yawa har Tarayyar Turai ta dakatar da sayensa daga Kamaru a 2007 na 'yan shekaru. Ku duba, itacen nan an ƙidaya shi, an yi masa fayil. Tsuntsayen dutsen ma suna da masu rubuta sunayensu. Ba mu ƙi ba, domin kurmin nan shi ke riƙe ruwan da shanunmu ke sha, kuma duk mai sa wuta ya bar ta ta ci bakin kurmi kansa ya cuta. Amma a ƙidaya saniya ita ma.

An daɗe ana maganar mayar da Cabbal Mbabo gandun daji na gwamnati. A ƙetaren iyaka, Nijeriya ta kafa gandun Gashaka-Gumti a 1991, kuma a cikinsa akwai wuraren da aka keɓe wa makiyaya a kan tuddai, saboda an san da zamansu tun kafin a ja layi. Ba mu ce zaman can ba shi da matsala ba, 'yan'uwanmu na can suna da nasu kuka. Amma wanda sunansa ke cikin takarda yana da bakin magana gaban hukuma.

Fatake, kada ku ce wannan ta masu sanda ce kawai. Bijiman da kuke lodawa zuwa Fumban, Bafusam da Duwala a ƙarshen damina, a kan tuddan nan suka yi kitse.

Shawararmu ga wannan taro ita ce a sake hawa a watan Agusta, da laka da hazon duka, lokacin da kowa ke mashekarinsa. A tafi da mai ɗaukar hoto da mai wayar da ke nuna wuri a taswira. Kafin nan, kowane arɗo ya zauna da dattawansa a rubuta mashekarai, mashaya, burtali da maƙabarta, da sunan da muke kiransu da shekarun da aka yi ana zama. A yi kwafi uku: ɗaya ga Lamiɗo, ɗaya ga mai mulkin gunduma, ɗaya a akwatin ƙungiya. Littafin da muka fara yana hannun magatakarda, shafi 11 ne. Wanda ya ga an tsallake wurinsa ya same shi bayan sallar azahar.