Yaro Mai Galahanga da Horon ABA: Me Iyaye Za Su Sa Ran Gani?

Kamar kullum, ga shirin a rubuce saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Maganar yau ta yara ce masu larurar galahanga, wato otizim, da wani horo da ake yi musu mai suna ABA. Da yawanmu muna da ƙani ko ɗan yaya ko ɗan maƙwabci da ya kai shekara uku ko huɗu bai fara magana ba, in an kira sunansa ba ya waigowa. An sha rubutu, an yi ruƙiyya, an je asibiti, daga ƙarshe likita ya ce galahanga ce, a nemi masu ABA. To nan iyaye ke tsayawa cak, don harka ce ta kuɗi masu yawa da lokaci mai tsawo, kuma ba su san me za su saya ba. Mu kuma da muke riƙe da waya, mu ake cewa "duba mana a intanet". Shi ya sa ya kamata mu san amsar.

ABA taƙaitawa ce ta sunan Turanci, ma'anarsa nazarin ɗabi'a da aiki da shi wajen koyarwa. Tushensa binciken wani masani ne ɗan Amurka, B. F. Skinner, kuma ƙa'idar ba ta da wuya: duk abin da mutum ya yi ya ga amfaninsa, zai sake yi. Saboda haka ƙwararren abu uku yake dubawa: me ya faru kafin yaron ya yi abin, me ya yi, me ya biyo baya. Misali, yaro ya ga biskit a shago, ya faɗi ƙasa yana ihu, uwa ta ji kunyar mutane ta saya masa. Yaron ya koyi cewa ihu na kawo biskit. Ba iskanci ba ne fa, hanyar da yake da ita ke nan ta cewa "ina so". Aikin ABA shi ne a ba shi wata hanyar da ta fi ihu sauƙi: ya nuna da yatsa, ko ya miƙa hoton biskit, ko ya faɗi kalmar.

Abu na farko da za ku sa rai shi ne bincike kafin a fara komai. Za a zaunar da iyaye a yi musu tambayoyi: yaya barcinsa, me yake ci, me ke tayar masa da hankali, me ya fi so a duniya. Za a kalli yaron yana wasa. Daga nan a rubuta tsari nasa shi kaɗai, mai ɗauke da ƙananan burika. Ba za a rubuta "ya zama kamar sauran yara" ba. Za a rubuta irin su: ya nemi ruwa da kansa, ya shiga banɗaki, ya sa takalmi, ya tsaya in an ce tsaya a bakin titi. Ku iyaye kuna da ta cewa a nan. In abin da ya fi damun gidan shi ne yaron na fita ya ɓace a unguwa, to shi za a sa a gaba, ba haddace launuka ba.

Na biyu, komai daki-daki ne. Wanke hannu kaɗai sai a raba shi: buɗe famfo ko karkata buta, jiƙa hannu, ɗaukar sabulu, cuɗawa, ɗaurayewa. Da farko malamar za ta kama hannunsa su yi tare, sannan ta koma nuna masa, sannan ta janye gaba ɗaya. Duk matakin da ya yi, nan take za a ba shi abin da yake so, ko yabo, ko kumfar sabulu, ko minti biyu da motar wasansa. Wani horon a kan teburi ake yi, ana maimaitawa, wani kuma a cikin wasa da harkokin gida. Kuma ana rubutawa: yau sau nawa aka gwada, sau nawa ya yi da kansa. Wannan rubutun haƙƙinku ne ku gani.

Na uku, lokaci. Akwai horon da ke kan abu ɗaya ko biyu, wajen awa 10 zuwa 25 a mako. Akwai na gaba ɗaya, awa 30 zuwa 40. Wannan awa 40 ɗin ta samo asali daga binciken Ivar Lovaas na Jami'ar Kalifoniya a Los Anjeles, wanda ya wallafa a 1987. Ya ce cikin yara 19 da suka samu irin wannan horon na shekara biyu ko fiye, 9 sun shiga ajin sauran yara suka yi karatu ba tare da taimako na musamman ba. Wannan lissafin shi ya sa ABA ta yi suna. Amma ku lura, 10 daga cikinsu ba su kai haka ba, kuma masana sun soki yadda aka raba yaran. A 2018 ƙungiyar Cochrane ta tattara bincike biyar a kan yara 219, ta ga alamar ci gaba wajen kula da kai da fahimtar magana, amma ta ce hujjar ba ta da ƙarfi sosai.

Me hakan ke nufi? ABA koyarwa ce, ba ta warkar da galahanga. Wani yaron zai yi magana, wani zai riƙa amfani da hotuna ko alamu har girmansa, kuma wannan ma nasara ce, don yaron da ke iya nuna cewa cikinsa na ciwo ya huta da wahala mai yawa. Duk wanda ya ce muku ku kawo kuɗi, wata uku yaro zai warke, wallahi ku riƙe aljihunku.

Na huɗu, abin kan fara tsananta kafin ya lafa. Ranar da ihu ya daina kawo biskit, yaron zai ƙara ƙarfin ihun, kamar yadda kake ƙara buga ƙofar da ta saba buɗewa. A nan gidaje da yawa ke karaya. Kuma a irin gidajenmu, in uwa ta daure, kaka za ta ce "haba, ku ba shi mana", shi ke nan an koma gidan jiya. Dole uba da kaka da yayye da mai raino su san tsarin, su bi hanya ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma bai kamata a bar wa uwa ita kaɗai ba.

Yanzu ga ɓangaren da masu talla ba sa faɗa. ABA tana da tarihi mai ɗaci. A shekarun 1960 an yi amfani da mari da tsawa har da jan wutar lantarki a kan yara da sunan horo. Manya masu galahanga da dama da aka yi wa ABA suna yara sun fito sun ce an tilasta musu haɗa ido, an hana su kaɗa hannu, alhali kaɗa hannun shi ke kwantar musu da hankali. Sun ce an koya musu biyayya ga duk babban da ya ba da umarni. Ku yi tunanin haɗarin wannan ga yarinyar da ba ta iya faɗin abin da aka yi mata. Mu da muka taso inda ake ganin bulala gyara ce, sai mun buɗe ido sosai. Duka, ɗauri, kulle yaro a ɗaki, hana shi abinci sai ya yi abin da aka ce, babu ko ɗaya da za a yarda da shi.

Saboda haka kafin ku biya ko sisi, ku yi tambayoyin nan. Wa zai zauna da yarona, wa ke sa ido a kansa, kuma ina ya yi karatun aikin? Za ku bar ni in shiga in kalla? Me kuke yi in ya ƙi, ko ya fashe da kuka? Yaushe za mu zauna mu duba ci gaba? Za ku koya mini in riƙa yi a gida? Da wane harshe za ku koya masa? Wannan ta ƙarshen kar ku raina ta. Yaron da ya koyi neman ruwa da Turanci, amma a gida kakarsa Hausa kawai take ji, an yi rabin aiki ne. Wurin da ya hana iyaye shiga, ku gudu. Sannan ku kalli yaron kansa: in kullum da an doshi wurin sai ya firgita, wannan saƙo ne.

Gaskiya a nan ƙasar ƙwararru kaɗan ne, yawancinsu suna Legas da Abuja, kuma awa 40 a mako ta fi ƙarfin yawancin gidaje. Kar wanda ya ga ya gaza. A fara da ganin likitan yara ko na ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa, a gwada jin yaron, don kurumta ma na hana magana. A tambayi masu koyar da magana da masu koyar da ayyukan yau da kullum, su ma suna da nasu taimakon. In awa biyu kuɗinku ya kai, ku nemi a kashe ta wajen koya muku ku, tunda ku kuke tare da shi dare da rana.

Mu matasa kuma namu aikin shi ne mu raka yayyenmu mata zuwa asibiti, mu riƙe musu takarda mu rubuta amsoshin, mu tsawatar in an kira yaron mahaukaci a layi. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2019 ta shafe su, makaranta ma haƙƙinsu ce.

Ku tura wannan ga duk gidan da kuka san yana cikin wannan hali. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba iyayen haƙuri da lada. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.