Fita Daga Bashi: Tattali da Ƙarfin Zuciya a Ƙasar Maraɗi

Masu martaba sarakuna, malamanmu, iyayenmu mata, manoma da ƴan kasuwa, ɗalibai maza da mata da kuka taho daga Agye da Gazawa da Gidan Rumji, ina yi muku barka da zuwa, ina kuma gode wa waɗanda suka shirya wannan zama.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Don haka ban zo in kunyata mai bashi ba. Tambayar da na zo da ita ita ce: mutumin da ya ɗaura niyyar biya, me zai riƙe masa zuciya shekara biyu ko uku, yana ƙuntata wa kansa, har ya kai ƙarshe? Amsata a taƙaice: zuciya tana jure wahalar da take ganin iyakarta. Aikinmu shi ne mu sa mai bashi ya ga iyakar bashinsa.

Mu fara da ƙofar da bashi ke shigowa. A karkararmu yana bin kalandar noma. Rumbu ya ƙare tun bazara, damina ta faɗi, ga noma ga bakuna. Magidanci ya tafi barema a gonar wani ya bar tasa cikin haki, ko ya karɓi kuɗi wajen ɗan kasuwa da alkawarin biya da kaka. Mu ɗauki misali don lissafi. Ya karɓi jika 20, wato sefa dubu 20, a watan Yuli, tiyar gero tana sefa 800, ya sayi tiya 25. Da kaka kowa ya kai kasuwa, tiya ta faɗo 400. Sai ya auna tiya 50 kafin ya biya, ko da ba a ƙara masa dala ɗaya ba. Kun san ranar: ana sussuka, mata na sheƙa, mai bin bashi na zaune gindin gawo da buhunansa a naɗe, yara na kallon ana auna abincinsu. Rumbun da ya shiga rani da giɓi shi zai ƙare da wuri, sai a sake komawa wajen ɗan kasuwar nan.

A kan wannan sai masifu su hau. Fari da fara na 2004 sun haifar da yunwar 2005, wadda ta yi wa jihar Maraɗi mummunan kamu, gidaje da yawa suka sayar da bisashe, wasu suka jinginar da gonaki. Tun 2019 gundumar Gidan Rumji take karɓar ƴan gudun hijira daga Najeriya, ga satar shanu, ga kuɗin fansa da ke jefa dangi gaba ɗaya cikin bashi. A 2023 aka rufe iyakarmu da Najeriya, naira kuma ta faɗi, abin da ɗan cin rani ke aikowa daga Katsina ko Kano ya rage daraja idan an mai da shi sefa. Na lissafo waɗannan ne don mai bashi ya daina yi wa kansa kallon malalaci. Wanda ya yanke wa kansa hukuncin lalaci ba ya tashi da ƙwazo.

Mataki na farko shi ne a rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi, a sa masa wa'adi, a kafa shaidu. Da yawanmu ba mu san jimillar abin da ake binmu ba. Mun san dai akwai na mai kanti, akwai na suruki, akwai na taki. Bashin da ba a ƙidaya ba ya fi girma a zuci fiye da a takarda. Ka zauna da ɗanka mai zuwa makaranta ko malamin unguwa, da boko ko da ajami, a jera suna da adadi da rana. Ka sa gaba wanda gona ke jingine a kansa, domin a kudancin Maraɗi ƙasa ta yi ƙaranci, gonar da ta fita hannu da wuya ta dawo. Amma ka zaɓi ƙarami ɗaya ka kashe shi da wuri, ka ja masa layi da hannunka. Daɗin wannan layin yana ɗaukar mutum wata da watanni.

Na biyu, kada ka yi tafiyar kai kaɗai. A nan iyayenmu mata ne malamai. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a wannan jiha tamu, aka gina shi bisa adashen da mata suka gada, yau kuma ana kwaikwayonsa a ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Ku je ku ga zamansu na mako. Tabarmi a shimfiɗe, akwati a tsakiya, makullai a hannun mata daban-daban. A kira suna, mace ta amsa, ta zuba abin da aka yanke, a ƙirga da ƙarfi kowa na ji. Wadda ta ranta ta san ranar biya, ta san kuma kuɗin maƙwabciyarta ne. Idon ƴan'uwa da ranar da ba ta canzawa su ne ke hana gajiya. Maza, babu abin da ya hana mu yin irinsa.

Na uku, a gyara ranar sayarwa. Tun ƙarshen shekarun 1990, da taimakon hukumar FAO, ƙungiyoyin manoma a Nijar suke aiki da tsarin warantaj: a ajiye gero ko wake ko gyaɗa a sito mai kwaɗo biyu, asusun bashi ya ba da rance a kan ajiyar, a yi kiwo ko sana'ar rani a biya, a karɓi hatsi lokacin da ya yi daraja. Farashi ba ya tashi kowace shekara, kuma ana biyan ladan sito, don haka sai da lissafi. Duk da haka mai ayar Cadawa da mai waken Gazawa sun san bambancin sayarwa da kaka da sayarwa da bazara.

Na huɗu shi ne tattali, kuma a nan zuciya ta fi karaya, domin ana tsoron a ce mutum marowaci ne. Ina roƙonku ku raba abu biyu. Abincin yara, maganin mai ciki da karatun ɗiya ba wurin tsimi ba ne; wanda ya matse nan zai biya ninki a asibiti. Wurin tsimi shi ne gasar biki, anko, kayan ɗakin da aka ci bashi don idon jama'a, shayin da ba ya sauka daga wuta, katin waya na hira. Maigida ya gaya wa uwargida gaskiyar adadin, su yanke tare, su sa wa ƙuncin wa'adi: daga wannan kaka zuwa ta baɗi. Gidan da ya san ranar da zai huta yana haƙuri da tuwo da miyar kuka ba tare da gunaguni ba.

Mutanen Ɗan Saga a gundumar Agye sun nuna mana irin wannan haƙuri. Sun bar kututtura suna tsiro a gonakinsu, suna sassabe da kula, suka kafa masu tsaron itatuwa. Shekaru suka wuce kafin amfani ya bayyana, amma yau itacen girki da abincin dabbobi suna fitowa daga gonar, kuma a shekarar wahala akwai abin sayarwa ba tare da an taɓa gona ko akuya ba.

Ku kuma masu bin bashi, aya ta 280 ta suratul Baƙara taku ce: a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Idan mutum ya zo da rabi, ku karɓa, ku rubuta a gabansa, ku gode masa. Sarakuna da limamai, ku yi wa kuɗin aure da hidimar biki iyaka a garuruwanku, ku fara da gidajenku, talaka zai samu abin fakewa.

Abin da nake nema ga kowa kafin kaka mai zuwa shi ne takarda ɗaya mai ɗauke da dukkan bashinsa, da mutum ɗaya amintacce da ya san abin da ke cikinta. Allah Ya biya wa mai bashi, Ya sa albarka a gonakinmu, Ya dawo mana da zaman lafiya a kan iyakarmu.