Baƙon da Ya Saurari Japan

A 1890 wani ɗan jarida haifaffen Girka, Lafcadio Hearn, ya sauka a Japan, ya kama koyar da Turanci a garin Matsue. Harshen ƙasar bai taɓa zama a bakinsa sosai ba. To, ta ina ya fahimci mutanen? Ta wajen matarsa, Setsu. Da dare takan rage fitila ta ba shi labaran fatalwa, shi kuwa ya hana ta karantowa daga littafi, sai dai ta faɗa da bakinta. Daga nan littafinsa Kwaidan ya fito a 1904. Ni dai a ganina kunnensa ya fi idonsa aiki, dama ido ɗaya gare shi. Har yau masu ziyara na shiga gidan da ya zauna a Matsue.