Man Gyaɗa da Hayaƙin Jiragen Ruwa



Bahaushe da kalma guda yake kiran abin da ake zubawa a miya da abin da ake zubawa a inji, wato mai. Tarihi kuwa bai ƙaryata shi ba. A bikin baje koli na Paris, cikin 1900, an nuna ƙaramin injin dizal yana aiki da man gyaɗa zalla. Daga 1912 gyaɗar Kano ta riƙa gangarawa Ikko a jirgin ƙasa, jiragen ruwa suna kwasarta zuwa Turai, amma arahar man ƙarƙashin ƙasa ta sa aka manta da wancan gwaji.

Hayaƙi ne ya tuno da shi. Man da manyan jiragen ruwa suke sha yana da farar wuta mai yawa, hayaƙinta kuma yana ɓata huhu. Saboda haka daga farkon 2020 hukumar sufurin jiragen ruwa ta duniya ta rage farar wutar da aka yarda da ita daga kashi 3.5 cikin ɗari zuwa kashi 0.5. Man tsirrai kuwa kusan babu farar wuta a cikinsa. Aibinsa kauri, wanda yakan toshe bakin da ke fesa mai cikin inji, shi ya sa ake sarrafa shi da sinadari har ya tsinke, sa'an nan a gauraya, misali kashi 20 nasa da kashi 80 na dizal. Baƙin hayaƙi yakan ragu, ko da yake wata iskar mai guba ta naitirojin takan ɗan ƙaru.

To, ina ruwan manomin Gayam, a ƙasar Birnin Gwari, da teku? Injin niƙan garinsu da tarakta da babbar motar da ke kwasar masararsa duk 'yan gida ɗaya ne da injin jirgin ruwa. Abin tsoro shi ne, in jirage suka shiga cinikin man gyaɗa, uwargida ba za ta iya ja da su a kasuwa ba. Hausawa sun ce, kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka take tsada.

Shawarata ita ce masu bincike a jami'o'inmu su mai da hankali ga man da ba a ci, kamar na bini-da-zugu da ake shinge da shi, da ragowar man suya, a bar wa tukunya gyaɗarta.