Tabon Ganyen Dabino da Kwakwar Ado: Cuta ce ko Yunwa?



Bahaushe ya daɗe da sanin giginya da goriba da dabino, amma don amfaninsu ya san su. Shuka irin waɗannan itatuwa don ƙawata gida al'ada ce da ta bunƙasa a unguwannin ma'aikata, kamar Sabon Garin Zariya wanda ya kafu da zuwan jirgin ƙasa, da Samaru inda aka buɗe tashar binciken aikin gona a 1922, kana Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. To, da yake al'adar baƙuwa ce, harshe bai tanadar mata sunaye ba. Kowane tabo ya bayyana a ganye, mai lambu yakan ce "tsatsa" ce. Wannan suna guda ya lulluɓe larura biyu, kuma maganinsu ya sha bamban.

Ta farko fumfuna ce. Takan yaɗu da damina, musamman a watan Agusta, sa'ad da ganye kan kwana a jiƙe. Alamarta tabo ne baƙi ko ruwan ƙasa, sau da yawa kewaye da rawaya. A jikin dabino akwai wata mai suna Graphiola, wadda kan fito da ƙananan ƙuraje baƙaƙe masu tauri a fuska biyu na ganye, ta fi kama tsofaffin rassa.

Ta biyu kuwa yunwa ce. Idan ƙasa ta gaza da sinadarin fotash, ɗigo-ɗigo masu ruwan lemo sukan bayyana a rassan ƙasa, waɗanda in aka ɗaga ganyen sama aka duba, sai a ga haske yana ratsa su, bakin ganyen kuma yana ƙonewa. A nan ne ake tafka kuskure. Itacen yakan janyo fotash daga tsohon reshe ya ciyar da sabo, saboda haka wanda ya datse reshen don ya ga ya yi muni, ya ƙwace wa itacen rumbunsa ne. Gashi kuwa kai guda gare shi. In toho ya mutu, ba ya sake yin wani.

Maganin yunwa taki ne mai fotash, tare da haƙurin watanni. Ita fumfuna, sai a cire busassun rassa a ƙone, a bar tazara don iska ta ratsa, a riƙa ban ruwa a gindi da safe, kada a watsa a ka. Feshin magani mai jan ƙarfe yana tsare lafiyayyen ganye ne kurum, domin tabon da ya riga ya fito ba ya gogewa.

Wanda ya yi shakka, ya kai ganyen Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a duba masa kafin ya ɗauki adda. Allah ya sa mu dace, amin.